Garin ne ke kashe wa mutum zuciya, ko kuwa halinsa ne?

Ɗan_Garin_Malam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ke ci mini rai, na ce bari in kawo ta nan ko manya za su sa baki. Na gama lisans a jami'ar André Salifou, na yi sarbis sibik, wato bautar ƙasa, yanzu ba abin da nake yi sai jiran kwankur, jarrabawar ɗaukar aikin gwamnati. Akwai abokina da muka tashi tare, fadarmu ta zaman hira ɗaya, kuma in gaskiya za a faɗa ya fi ni son barci. Ya tafi Yamai wajen kawunsa. Da ya zo sallar layya sai na ga wani mutum daban: asuba yake fita, yana da ɗan littafin da yake rubuta kuɗinsa, hira ma ba ya son a ja ta. Ni kuwa kullum da dare in tsara abin da zan yi gobe, gari ya waye, rana ta take, in ji jikina ya mutu. Damagaram ɗin ce ke kashe wa mutum zuciya ko ni ne? Wanda ya taɓa barin gari ya gaya mini gaskiya.

Bazango77: Wa alaikumus salam. Kai ma ka ba kanka amsa. Tattara jakarka ka hau kar, babbar motar fasinja. Wanda bai fita ba bai san barci yake yi ba.

Mushe_Kwantaragi: Bazango, a hankali. Raggo raggo ne ko ina aka sauke shi. Shiga unguwar Bukoki ko Lazare a Yamai ka ƙirga 'yan Damagaram da ke zaune gindin bango da butar shayi a kan gawayi. Sun yi tafiyar kusan kilomita 900 don su je su zauna da mutanen da suka baro a gida, hirar ma ita ce dai. Hali zanen dutse ne.

Mai_Walda_Katako: Ƙanena, Mushe ya faɗi rabi, bari in ƙara maka ɗaya rabin. Ni ɗan Birni ne, gidanmu gidan malamai. Lokacin da nake gida, ko yunwa za ta kashe ni ba zan iya ɗaukar kaya a kasuwar Dole ba. Ba don ƙarfi babu ba. Kafin in kai bakin titi labari ya riga ni gida: an ga jikan Malam yana dako. Inna ta yi kuka, yayyena mata su ce na zubar musu da mutunci a gidan miji.

Da na sauka Yamai, aikin farko da na samu a kasuwar Katako shi ne sauke rodi daga mota. Kafaɗata ta saɓule, rigata ta rine da tsatsa, da dare in shimfiɗa kwali a ƙofar shagon maigidana in kwanta. Ba wanda ya tambaye ni ɗan gidan wane ne. Bazabarme ya kira ni, in ɗauka, ya biya, shi ke nan. Daga sauke rodi na koma riƙe wa masu walda ƙarfe, daga nan na koyi aikin. Yau ƙofofi da tagogi nake haɗawa, da yara a hannuna.

To abin da ya canza ba iskar Yamai ba ce. Idon sani ne ya sauka daga kaina. Sannan a can ba gidan da za ka shiga da magariba a ce bismilla. A Damagaram kana da gidaje uku da tuwonka ke jira: gidanku, gidan goggo, gidan aboki. Wanda ya san ba zai kwana da yunwa ba, me zai tashe shi da asuba?

Bazango77: Allah ya biya ka yaya. Magana ta ƙare.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ba ta ƙare ba ɗana, ku maza kullum kuna magana kamar kowa na iya ɗaukar jaka ya tafi. Ni da aure da 'ya'ya, ina zan je? Amma na ga abin da mai walda ke faɗa ba tare da na bar gari ba. Da, a cikin gida nake sayar da atamfa da leshi, ina saro su daga Kantin Kwari. Kaya su zo da safe, kafin la'asar dangi da maƙwabta sun cika ɗaki. Wannan ta ɗauki turmi ta ce "ki rubuta, sai ƙarshen wata", waccan ta ce bikin 'yarta ya matso. Ka ce wa ƙanwar mijinka a'a? Littafin bashi ya fi jarin nauyi. Da maigida ya yarda na kama rumfa a kasuwa, mutanen nan dai su ne, amma a rumfa kunya suke ji su ɗauki kaya ba kuɗi a gaban jama'a. Tsakanin gidana da rumfar, kabu-kabu ba ya minti goma. Ashe ba sai an ƙetare ƙasa ba.

Ummu_Sabon_Gari: Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni har lambar waya na canza saboda masu "ki rubuta".

Dattijon_Zango: Yara, kada ku ɗora wa garin nan laifin da ba nasa ba. Zangon da nake zaune, baƙi ne suka kafa shi, nan ayarin Abzinawa ke sauke raƙuma. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwa har ya sa aka ƙera igwa a nan cikin gari, fatake daga Ghat da Tarabulus Damagaram suke nufa, daga nan su wuce Kano ko Kukawa. Mutum ya baro garinsu ya zo nan don zuciyarsa ta tashi, yadda ku yanzu kuke son zuwa Yamai. Me ya faru? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da ke ratsa sahara suka koma bin teku. A 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwata suka kai Yamai. Hanya ce ta kauce mana, mutane suka bi hanya. Jikokin waɗancan fataken ne ku, ba wani jinin lalaci a jikinku.

Mushe_Kwantaragi: Baba, a ƙara da cewa cikin dalilan da suka bayar na ɗauke hedikwatar har da ƙarancin ruwa, da kuma kusancinmu da Kano ta Ingilishi. Shekara ɗari ke nan, maganar ruwan tana nan inda suka bar ta.

Ɗalibar_Lisans2: Yawwa, an zo wurin. Duk wanda ke cewa "zuciya ce kawai" ya zo unguwarmu a watan Afrilu. Famfo ba ya kawowa sai tsakar dare, in ya kawo ke nan. Ƙarfe uku ina tsaye da bido a layi, wani lokacin iska kawai yake hurawa, sai an jira 'yan ga-ruwa, su ma kuɗin ya ninka. Ƙarfe takwas ina aji ina gyangyaɗi. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan sai an jawo shi daga Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram. Ƙawata da ke karatu a Harobanda ta Yamai wanka take yi ta ɗauki littafi. Ni da ita wa zai fi ƙwazo? Kar a ce mini hali.

Tela_Kara_Kara: Ga kuma kuran. Da Nijeriya ta yanke wuta a watan Agusta 2023, keken surfanina ya koma abin ajiye kaya. Yaran da nake koya wa ɗinki biyu suka gudu Agadas. Ina da niyya, ina da masu kawo ɗinki, wutar ce babu.

Bazango77: To kun gani. Ruwa babu, wuta babu, me ake zaune ake jira?

Admin_Damagaram: Jama'a, maganar ruwa tana da nata zauren, kuma mun sha yin ta. Yaron nan tambaya ya yi, ya tafi ko ya zauna. Bazango kai kuma ka bar mutane su yi magana.

Tsohon_Ɗan_Jado: Tunda ana ta zuga shi, bari ya ji ta ɗaya ɓangaren. Lokacin da zinariya ta fito a Jado a 2014, unguwarmu kusan ba saurayin da bai tafi ba. Babur ɗina na sayar muka haɗa kuɗi muka sayi na'urar neman zinariya. Ƙwazo? Ban taɓa aiki irin na can ba. Tun duhun asuba muna haƙa, ruwan sha da awo, garin rogo da sukari ne abinci. Duk abin da mai walda ya faɗa gaskiya ne, ba idon sani, ba gidan goggo. Amma na dawo ba babur ba zinariya, sai tari da ya daɗe bai sake ni ba. Wanda muka haƙa rami kusa da nasa ya samu, yanzu yana da motoci. Bai fi ni tashi da wuri ba. Saboda haka ku raba abu biyu: wuri na iya tayar maka da zuciya, wannan na yarda. Ya ba ka nasara kuwa, wata magana ce daban.

Malam_Na_Tsangaya: Arziki na Allah ne, nema kuma wajibi. Magabata sun yi tafiya neman ilimi da halali, mu ma nan almajiranmu gabas suke tafiya, don yaro a gaban uwarsa ba ya haddace allo. Amma ɗana, kada ka fita sai da yardar mahaifa, kuma ka san wurin wa za ka sauka.

Ba_Suna: Ku tambayi matan Kance ribar barin gida.

Ɗan_Matamai: Ba_Suna, wannan ba abin gatse ba ne. A watan Oktoba 2013 mutum 92 aka tsinci gawarsu a sahara kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara, kuma akasari daga yankinmu. Ba ƙauyen da zancen bai taɓa ba. Amma ka tambayi kanka me ya sa bayan haka ba a daina tafiya ba, alhali ana kwaso mutane ana dawo da su ta Asamaka, kan iyakar Aljeriya. Gonar gado an raba ta har ta koma ba ta ciyar da gida wata huɗu. Sai maƙwabciyarki ta dawo daga Tamanrasat da katifa da barguna, ta yi wa ɗakinta rufin kwano, ta yi wa 'yarta kayan ɗaki na gani na faɗa. Ke kina kallo ta kan danga. Wa zai riƙe ki? Ita ma wannan zuga ce ta wurin zama. Abin da ke kewaye da mutum ba kwantar da shi kaɗai yake yi ba, yakan tura shi inda bai kamata ba.

Ba_Suna: Ban yi da nufin gatse ba. Allah ya jiƙansu.

Batanute: Ni dariya ma kuke ba ni. Garin da kuke cewa yana kashe zuciya, shi ya tayar da tawa. Daga wani ƙauye na arewacin Tanut na zo lise Amadu Kuran Daga, ban taɓa ganin ɗakin karatu ba sai a nan. Na ga 'yan mata na tuƙa babur suna zuwa aji, na ga mai sayar da kilishi ya gina bene. Na ce ashe haka duniya take. Yanzu ina gyaran waya kusa da tasha, ƙannena biyu na wurina. Ku 'yan gari kun saba da shi ne har ba kwa ganin komai. A ƙidayar 2012 jihar nan ta fi kowace yawan jama'a, sama da miliyan 3 da rabi. Duk waɗannan mutanen nan suke zuwa asibiti da kasuwa da neman takarda. Baƙo na ganin masu saye, ɗan gari na ganin rana da ƙura.

Bamaraɗe_A_Zinder: Faɗa musu dai! Mu da muka zo daga Maraɗi muna sayar muku da kayan babur ba mu ga mutuwar gari ba. Ku dai akwai sarauta da babbar riga, ciniki kuwa sai a hankali.

Bazango77: Kai Bamaraɗe, a garinmu kake ci kana zaginmu. Kawo kuɗin haya tukuna.

Shugaban_Fada: An yi ta dukan fada tun daga sama, ni kuwa ba zan yi shiru ba. Ba duk fada ce ta karta da gulma ba. Tamu muna zuba adashi duk Juma'a, da shi mutum uku suka sayi babur suna kabu-kabu. Mu ke gadin layinmu da dare, mu ke yashe kwata kafin damina. Lokacin da ake ginin matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut, kafin a buɗe ta a 2011, yayyenmu da suka samu aikin lebura a fada suka ji labari, wani ya ja wani. Ɗan_Garin_Malam, kafin ka canza gari canza tabarma. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In duk wanda ke fadarku jiran kwankur yake yi, kai ma jira za ka yi ta yi. Je ka zauna inda masu fita da safe suke zama, ko da ba sa'anninka ba ne.

Ɗan_Garin_Malam: Na gode ƙwarai, ina karantawa ɗaya bayan ɗaya. Shugaba, gaskiya fadarmu mu bakwai ne, shida masu diploma ne marasa aiki. Abin da ban faɗa ba, ni ne babba a ɗakinmu, mahaifinmu ya rasu. Inna ba ta hana ni ba, amma duk ranar da na ɗauko zancen sai ta tashi ta shiga ɗaki. Na fi tunanin Kano ma, tunda ta fi kusa, in wani abu ya taso in kwana a gida.

Ɗan_Kwari_Fagge: Allah ya jiƙan baba. Kano dai makaranta ce, wannan ba musu. Kilomita 240 ne ko kusa da haka, ka bi ta Matamai da Maimujiya ka shiga Daura, azahar kana Fagge. A Kwari za ka ga yaro ɗan shekara ashirin yana juya kuɗin da mushe, malamin makaranta, ba zai gani ba har ya yi ritaya, dole zuciyarka ta motsa. Amma ka yi lissafi. Da, mu ke turo naira gida ana murna. Tun da ta faɗi a 2023, har jaka guda ta sefa ta haura naira dubu biyu, abin da ka tara a wata in ka canza shi sai ka ji kunyar aikawa. Da yawa cikin namu masu shayi da masu gadi sun tattara sun koma. Kuma ka tuna iyakar da aka rufe a Agusta 2019 sai Disamba 2020 aka buɗe, ta sake rufuwa a 2023. Kusan nan da kake gani, rana ɗaya takan zama nisa. In za ka zo, zo ka koyi kasuwa da sanin mutane, ka riƙa kai kaya gida kana karɓar sefa. Wannan shi ke ci yanzu.

Mai_Lambu_Gidimuni: Akwai abin da ba wanda ya taɓo: dawowa. Na yi aikin lambu a kudancin Aljeriya wajen wani Balarabe. Can na ga ana ban ruwa da tiyo mai ɗigo, ana auna taki, ana fara aiki da agogo a tashi da agogo. Na dawo da zafina, na sa famfo mai aiki da hasken rana a garkar babanmu, na shuka albasa da tumatir a layi da igiya. Watannin farko ƙarfe shida ina cikin garka. Sannu a hankali, yau suna, gobe jana'iza a ƙauyen gaba, jibi an zo gaishe ka ba ka tashi ka bar baƙo. Ba wanda ya hana ni aiki, kuma duk abubuwan nan hakki ne. Amma agogon nan da na zo da shi sai da ya narke. Abin da ya rage mini shi ne abin da na kafa da hannu, famfon da layukan. Don haka abokin nan naka mai ɗan littafi, bar shi ya dawo ya yi shekara a gida tukuna kafin mu ce ya canza.

Mushe_Kwantaragi: To ai maganata ce ta dawo. Hali.

Ɗalibar_Lisans2: A'a Mushe, maganarka ce ta rushe. Mutum ɗaya ne, can ya yi agogo, nan ya saki. In hali ne ai da bai canza ba tun farko.

Mushe_Kwantaragi: 'Yata, ni an kai ni ƙauyen da ajin zana ne, allo a jingine da itace, alli ma ni ke saye. Wanda na gada ya gudu, ni na zauna har yarana suka ci jarrabawa. Wuri ɗaya, mutum biyu. Wannan fa?

Mai_Walda_Katako: Ku biyun ba za ku gama yau ba. Ƙanena, ga tawa a taƙaice tunda na ji zancen inna. In za ka fita, kada ka tafi neman "ko mene ne", ka san sana'ar da za ka koya da hannun wanda za ka koya. Ka yanka wa kanka lokaci ka gaya wa inna, ta san ranar da take jira. Takardunka na kwankur ka bar su a shirye wurin wani. Kuma kada ka sauka ɗakin 'yan unguwarku, in ba haka ba abin da Mushe ya gani a Bukoki shi zai same ka.

Ɗan_Kwari_Fagge: Wannan ta ƙarshen ban yarda ba. Ba don 'yan garinmu ba da a tasha zan kwana. Wa zai tsaya maka wurin maigida in ba wanda ya san gidanku? A Kwari ba a ba baƙo makullin shago.

Mai_Walda_Katako: Su tsaya maka daban, ka tare a ɗakinsu daban.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ɗana, kafin su gama jayayya. Ranar Alhamis kasuwa ke ci, kuma yaron da ke taya ni ya tafi ganin gida. In ba ka jin kunyar a gan ka da lisans kana ɗaga turamen atamfa, ka yi wa Admin magana ya haɗa mu. Ƙarfe bakwai nake buɗewa.

Bazango77: Hajiya za ki ɓata mana shiri, mu da muke son ya hau kar.

Batanute: Bazango, wai kai a ina kake zaune ne yanzu?

Bazango77: Zango mana. Ina jiran kuɗin mota.